Rabin Juyin da Na Ƙara

Tun da na dawo daga Gana ban ɗinke takalmi ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Da na ɗauki basilla sai wani ya ja benci ya zauna, "Garba, yaya Gana?" In faɗa masa, ya tashi, wani ya zo. Jiya Malam Audu mai wanki ya tambaye ni karo na uku, kuma duk inda ya kai labarin sai ya ƙara masa gishiri, har ya fara cewa wai jirgin ruwa na shiga. To ga shi na rubuta sau ɗaya. Aji huɗu na yi a firamaren Bunguɗu, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa. Duk wanda ya sake tambayata takardar nan zan miƙa masa.

Ni shumeka ne a Sabon Gari, kowa ya sani. Abin da wasu ba su sani ba, sama da shekara ashirin ni ke ɗaure wa 'yan badminton na Gusau tsirkiyar raket. Wasa ne na mutum biyu, raga a tsakani, suna dukan wata 'yar aba mai gashin dinya da ake ce wa shatil. Wani Ba'indiye malamin makaranta ne da zai koma ƙasarsu ya bar mini injin ɗaurin, ƙarfe zalla, mai hannu da ake juyawa. Ma'auninsa ya mutu tun kafin ya shigo hannuna, don haka da kunne nake aiki. In ja tsirkiya, in taɓa ta da farce, in saurara kamar mai gurmi. In ta ba ni muryar da nake so, sai in ƙara rabin juyi. Dalili kuwa, tsohon siton da ake wasan a cikinsa rufin kwano ne, zafinsa na sassauta tsirkiya. Kafin a gama turmin farko rabin juyin nan ya tafi, ta dawo daidai. Na daɗe da daina tunani a kansa, hannuna ke yi da kansa.

Bashir ɗan Tsafe a siton nan ya koya, ni na ɗaure masa raket ɗinsa na farko. Ya girma ya tafi Legas, ya buga wa ƙasa, ya shiga jiragen da ban san adadinsu ba. Yana kayar da kowa a Afirka sai mutum ɗaya, wani Bamisire mai dogon suna. Shekara bakwai suna haɗuwa, a Alƙahira, a Legas, a wani tsibiri da bakina bai iya faɗi ba, kullum Bamisire ke cinyewa.

Wata safiya wayata ta yi ƙara.

"Baba Garba, kana da fasfo?"

"Mi za ni yi da fasfo? Iyakata Funtuwa."

"Za a yi maka. Likita ya ce gwiwata sai aiki, bayan aikin kuma babu sauran gasa. Wagga ta Akra ita ce ta ƙarshe, kuma Bamisire na ciki. Sau guda nake so in kayar da shi, Baba, sau guda tak. Masu injin lantarki lamba suke ba ni, ni hannunka nake so."

Na ce masa ni ban shiga jirgi. Ya ce dama injina ya fi ƙarfin kayan jirgi. Haka aka yi, shi ya bi sama, ni da inji muka bi ƙasa.

Na fara zuwa Bunguɗu sallama da Yaya Asabe, ita ce ta rage mini a matsayin uwa. Ta saurare ni tana gyaran wake, ba ta ɗago ba.

"Kai da furfurarka za ka ƙetare ƙasa uku don a doki gashin kaza?"

"Na dinya ne, Yaya."

"Au, na dinya ne? To yi sauri kar a fara babu kai."

Washegari na naɗe inji a buhu biyu na kai tasha. Nauyinsa ya kai na rago, kuma na ƙi a sa shi a but ɗin mota, don haka kujera guda aka ba shi kusa da ni. Direba ya leƙo ya ce, "Alhaji ya zauna daidai?" Shi ke nan suna ya bi shi har Gana. A Tsafe mahaifin Bashir, Malam Isa, yana jiranmu bakin titi da kilishi da ɗan gwangwanin man kaɗanya na shafa wa gwiwa. Ya sunkuyo ta taga.

"Malam Garba, shi wanga Bamisire, musulmi ne?"

"Haka aka ce, Malam."

Ya miƙo mini kilishin. "To a kayar da shi a hankali."

Daga Tsafe zuwa Funtuwa kun san yadda ake yi saboda 'yan bindiga. Direba ya kashe rediyo, kowa ya koma kan carbinsa, har Alhaji ya fi mu surutu don shi yana ƙara in an faɗa rami. Muna hango Funtuwa bakin kowa ya buɗe lokaci guda, wata mata ta fara rabon gyaɗa. A Kaduna na koma babbar mota zuwa Legas. Ba ni da abin faɗa a kan wannan hanya sai cewa ƙafafuna sun kumbura har takalmin da ni na ɗinka da hannuna ya ƙi ni.

A tashar Legas Allah ya haɗa ni da Sale, wani dillalin albasa mutumin Wonaka, wanda ya ce ya yi hanyar Gana har ya daina ƙirgawa. Ya ce yana jin Faransanci. Daga baya na gane gaisuwa ce kawai ya iya, sai ya ƙarasa sauran da hannu. Amma mutumin kirki ne, kuma ya kama mini Alhaji ta gefe ɗaya duk inda aka sauka.

A kan iyakar farko wani jami'i ya ce a kwance buhu. Ya ga ƙarfe mai maƙoshi da maƙalai da hannun juyawa. Ya duba fasfona, ya ga inda na fito, ya sake duban ƙarfen, sai ya kira 'yan'uwansa uku. Ban ga laifinsa ba, ni ma da ni ne haka zan yi. Sale ya shiga bayani, yana nuna ja da hannu, yana ɗaga kafaɗa kamar mai auna wani abu daga nesa, na ga fuskokin mutanen nan na ƙara ɗaurewa.

"Sale, don girman Allah yi shiru. Kana ƙara kai ni ciki."

Na ɗora inji a kan bencinsu, na zaro wani tsohon raket daga jakata, na fara ɗauri a gabansu. Mutane suka taru. Da na gama, babbansu ya karɓa, ya dunƙule takarda ya doka ta ta haye kan rumfa, aka yi tafi. Da ya ji ainihin sana'ata sai ya cire takalminsa na dama ya nuna mini inda ya ɓalle. Na ɗinke masa nan take, ya kawo mini ruwan sanyi da kansa. Motarmu kuwa ta yi awa biyu tana jira, na shiga ana zagina da yare huɗu. A sauran iyakokin biyu raket na ɗora a saman buhu, kafin a tambaya na fara kaɗa shi a iska.

Kwatano garin babura ne. 'Yan acaɓansu duk riga ruwan ɗorawa, mata kuma na tuƙa babur da goyo a baya da kwando a gaba, ba wanda ya juyo ya kalle su sai ni. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, na gatsa ya kankare mini dasashi. A Lome titi ya bi ta bakin teku, direba ya tsaya cin abinci. Sale ya ce ba a wuce teku ba a ɗanɗana ba. Na tattare wando na matsa, ina sunkuyawa ruwa ya taso kamar an aiko shi, ya buge ni, ya koma da takalmina na hagu. Gishiri ne dai, ba wani abu ba. Haka shumekan Sabon Gari ya shiga Gana da takalmi ɗaya da silifas ɗin aro.

Bashir yana otal tare da sauran 'yan wasa. Ya so in zauna can, na ga ɗakin hawa na takwas ne, na ce a kai ni inda ƙafata za ta taka ƙasa. Sale ya kai ni Zango, unguwar Hausawa, gidan wata Hajiya Memuna, wadda kakanta ya baro Kwatarkwashi fataucin goro bai koma ba. Ita ba ta taɓa zuwa ba. Tana jin daga ina nake ta zaunar da ni.

"Da gaske dutsen Kwatarkwashi ya taɓa gajimare?"

"Hajiya, awaki na hawansa."

"Kakana ya ce kwana biyu ake yi ana hawa."

"To ƙila ya ɗan lotsa bayan tafiyarsa."

Ta yi dariya har ta share hawaye, ta ba ni ɗaki mai rufin kwano, zafinsa sak na shagona. Na ji kamar a gida nake. Nan na kafa Alhaji.

Abincinsu kuwa, akwai wani tuwon masara mai tsami da suke naɗewa a ɓawo, dokunu, da kifi da baƙin yaji. Lomar farko na zaci ya lalace, na kalli Hajiya na ga tana kallona, na haɗiye. A kwana na uku ni ke tambayarsa. Shinkafa da wakensu garau-garau ce da ta yi arziki: taliya, ƙwai, garin kwaki, nama, duk a kan ganye ɗaya. Ran Asabar na ji kiɗa a bayan unguwa, na ga rumfuna da mutane cikin ja da baƙi ana rawa. Na ce wa Hajiya auren wa ake yi? Ta ce jana'iza ce, mutumin ya rasu tun wata biyu, yana cikin firji ana jiran 'ya'yansa. Na ce mu a wurinmu wanda ya rasu da hantsi, da azahar an dawo daga maƙabarta. Ta ce su ma a Zango haka ne, amma maƙwabta kowa da nasa.

Ranar farko da na shiga zauren gasar abin da ya fara dukana sanyi ne. Esi, na'urar sanyaya ɗaki, ta ko'ina, ƙofofi a rufe don kar iska ta kaɗa shatil. Haƙorana suka fara kaɗawa, washegari da bargon Hajiya na dawo. Ba ni da katin sauka ƙasa, don haka a bakin ƙofa nake miƙa wa Bashir raket ɗinsa huɗu, in hau can sama cikin 'yan kallo in duƙunƙune.

Na ga wasa. Wanda muke yi a sito motsa jini ne. Akwai Indiyawa, akwai Turawa, akwai wasu ƙanana masu tsalle kamar fara. In aka doki shatil ba ka ganinta, ƙara kawai kake ji. Kuma an buge ta kaɗan sai a jefar a ɗauko sabuwa, alhali mu sai ta koma kamar wuyan angulu muke rabuwa da ita. Raina ya yi ta ɓaci.

Bamisire a wurin salla na fara ganinsa, wani lungu da aka shimfiɗa darduma. Na zaci zan ga ƙato. Ashe gajere ne, sanƙo ya fara cin kansa, da a kasuwa na gan shi sai in ce mai kemis ne. Shi da Bashir ba sa gaisawa, kai kawai suke ɗaga wa juna. Aka duba aka ga ni ne mai furfura, aka tura ni gaba. Na ja salla su biyun suna bayana kafaɗa da kafaɗa. Da na sallame na ɗaga hannu, sai na rasa abin da zan roƙa a fili, na yi tawa a zuci. A filin wasa kuma na ga yadda Bamisire yake cin mutane. Ba ya duka. Tsayawa yake, duk ƙarfin da ka kawo ya tare ya mayar maka inda ba ka, har ka gaji ka ba shi da kanka. Bashir kuwa duka ne abincinsa.

Bashir ya ci wasa uku cikin kwana biyu, amma tsirkiya biyu ta tsinke masa. Ya ce, "Baba, lafiya?" Na ce jabu aka sayar masa a Legas. Na buɗe sabon ƙulli, na zauna ɗakin Hajiya da tsakar rana gumi na zuba, na sake ɗaure duka huɗun. Kowanne na saurari muryarsa, na ƙara rabin juyi.

Wasan kusa da na ƙarshe ya faɗo shi da Bamisire. Kocin ƙasarmu yana wani fili da 'yan mata masu buga bibbiyu, sai Bashir ya samo mini kati na rataya a wuya, aka zaunar da ni a kujerar bayan fili, jakarsa a gabana, bargona a kafaɗa. Wanda ya fara kai maki ashirin da ɗaya ya ci turmi, wanda ya ci turmi biyu ya ci wasa.

Ba a yi nisa ba Bashir ya tashi sama ya sauke duka, na ji tas. Tsirkiya ta tafi. Ya zo ya ɗauki na biyu bai kalle ni ba. Ya kamo, ya wuce Bamisire da maki biyu, 'yan Najeriya da ke sama suka fara buga robar ruwa. Sai tas kuma. Wannan karon ya kalle ni. Ya ɗauki na uku ya koma, na zaro na huɗun daga jaka, na buga shi a tafin hannuna, na kai kunne.

Ba muryar da na bar shi da ita ba ce. Siririya ce, can sama, kamar kukan sauro. Na dubi yatsuna da suka ƙandare don sanyi, na dubi bargon da ke jikina. Kwana uku ina rawar ɗari a zauren nan, ban taɓa tambayar kaina ita tsirkiya yaya take ji ba. Zafin da zai cinye rabin juyina babu shi a nan. Sanyi ma ƙara ɗaure ta yake. Ba jabu ba ce, ni ne. Na ɗauko siton Gusau a kaina na kawo Akra.

Bamisire ya ci turmin farko. Ana ba da hutun minti biyu, na isa wurin Bashir yana shan ruwa.

"Laifina ne. Na ja su sun wuce, sanyi ya ƙara. Biyun da suka rage ma haka suke."

"Mi? Baba, yanzu kake gaya mini?"

"Yanzu na sani. Kar ka doka da ƙarfi. Lallaɓa su har in dawo."

"In lallaɓa? Da mi za ni ci shi?"

"Ban sani ba. Kai ne ɗan wasa."

Na kwashi tsinkakkun biyu na ruga. Alhaji yana Zango, tafiyar awa guda in an ci sa'ar hanya. Amma a bayan zauren akwai teburin masu ɗaurin gasa, da injunansu na lantarki. Kullum ina wuce su ina ɗauke kai. Wadda na tarar babu aiki a gabanta wata mata ce 'yar Indunusiya, da hijabi da tabarau, za ta yi shekara arba'in. Na yi mata sallama ta amsa, iyakar yaren da muka haɗa ke nan. Na nuna mata ƙaramar talabijin da ke kan teburin, inda ake nuna Bashir, na nuna raket, na dafa ƙirjina. Ta gane. Ta datse tsohuwar tsirkiya, ta ɗora raket, ta zura sabuwa, sannan ta nuna mini lambobin da ke jikin injin ta ɗaga gira. Nawa?

Shekara ashirin da wani abu ina wannan aiki, ban san lamba ko ɗaya ba.

Na yi mata alama ta ja. Ta danna, inji ya ja tsirkiyar farko. Na taɓa da farce, na kai kunne. Ta yi sama da yawa. Na nuna ƙasa. Ta rage, ta sake ja. Na taɓa, na rera mata muryar da nake nema da hanci, kamar mai lallashin jariri. Ta cire tabarau ta dube ni, sai ita ma ta sunkuyo ta kai nata kunnen. Ta rage kaɗan. Na taɓa. Ita ce. Muryar da raket ɗin Bashir ke yi a sito bayan la'asar, in zafi ya gama cin rabonsa. Sai ga yatsana ya tashi da kansa zai nuna mata ta ƙara kaɗan. Na kama shi, na zauna a kan hannun.

Ta fara aiki, ban taɓa ganin yatsu irin nata ba. Ni kuma ina tsaye ina taka ƙasa, ina miƙa mata abin da ba ta tambaya ba. Ta ce, "Sabar, sabar," ta nuna mini kujera. Wannan ko a makarantar allo an gaya mini ma'anarsa, haƙuri. Na zauna na zuba wa talabijin ido.

Raket na uku ya tsinke tun farkon turmi na biyu, don Bashir bai ji magana ba. Da ya ga saura ɗaya a hannunsa, jaka kuma babu komai, sai ya koma kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya ɗaga shatil can baya, ya ajiye ta a bakin raga, ya sake ɗagawa. Bamisire ya ƙame yana jiran dukan da ya saba tarewa, duka bai zo ba. Shekara bakwai ana kawo masa abinci har gida, yau an ce ya fita ya nema. Ya fara gudu gaba da baya. Ya fara dukan da kansa, biyu suka faɗa raga, ɗaya ta fita waje. Na ga ya shafa sanƙonsa ya dubi Bashir kamar an canja masa mutum. Matar nan tana saƙa tana leƙen talabijin, in Bashir ya ci maki sai ta ce, "Alhamdulillah," ba tare da hannunta ya tsaya ba.

Tana ƙulla ƙullin ƙarshe Bashir na cin turmi na biyu. Na fizgi raket na manta ko godiya, na dawo da gudu na yi mata, na sake rugawa. Bargon Hajiya a nan ya faɗi, ban waiwaye shi ba. Na tarar da Bashir yana ɗingishi zuwa kujera. Na miƙa masa. Ya buga a tafinsa ya saurara.

"Wanga shi ne. In doka?"

"Zai ɗauka. Amma ni da ni ne, da ban gaya wa Bamisire ba tukuna."

Ya dube ni, ya yi wata 'yar dariya, ya koma.

Turmi na uku ban zauna ba, har alƙalin wasa ya yi mini alama sau biyu. Bashir ya ci gaba da lallaɓawa kamar har yanzu tsoron tsirkiya yake. Wannan ya ci, wancan ya ci. Gwiwar ta fara nunawa, duk matsawar da zai yi gaba sai na ga ya cije leɓe. Bamisire ya lura, ya dinga ajiye masa a bakin raga, shi ma yana matsowa gaba don ya daina tsoron duka. Aka kai sha tara da sha tara. Bashir ya ajiye wata ta taɓa saman raga ta gangara ta can. Ashirin. Zauren ya yi tsit har ana jin ƙugin esi.

Suka yi ta mayar wa juna, na ƙirga har na ɓace. Bamisire ya ɗaga wata ba ta yi nisa ba, ya matso yana jiran a ajiye masa. Bashir ya tashi sama da ƙafafu biyu, ya sauke dukan da ya ɓoye tun turmi na biyu. Ta faɗi a bayan Bamisire kafin ya juya. Bashir kuma ya sauka a kan gwiwar, ya zube.

Ban san na yi kabbara da ƙarfi haka ba sai da wani Bature ya zabura. Bamisire ya tsaya yana kallon inda shatil ta faɗi. Sannan ya zagayo raga, ya durƙusa, ya sa hannu ya ɗago Bashir zaune, ya yi masa magana a kunne. Daga baya na tambayi abin da ya ce. Wai cewa ya yi, "Ka daɗe."

A ɗakin likita aka ɗaura masa ƙanƙara, gwiwa ta yi kamar ƙwarya. Likita ya ce wasan ƙarshe na gobe babu shi, za a ba da kofi ga Ba'indiyen da shi ma ya kai can ba tare da an buga ba. Bashir ya sa hannu a takarda, ko a jikinsa. Da aka bar mu mu biyu na zauna a bakin gadon.

"Bashir, ka yafe mini. Ka ɗauko ni tun daga Gusau, saura kaɗan in kashe ka da hannuna."

"Baba, koci nawa suka ce in rage duka? Har da wani da aka ɗauko daga Malesiya. Ban ji ba. Sai da ka lalata mini raket uku."

"Biyar, da na jiya."

"To biyar."

"Ba da gangan na yi ba, kar ka je Tsafe ka ce dabara ce."

"Wallahi sai na ce dabara ce." Ya miƙo hannu. "Riƙe ni in tashi."

Na riƙe shi. Yaron da na sani bai kai tsawon raga ba, yanzu nauyinsa ya kusa karya ni. Muka bi ta teburin matar nan, ta ɗaure na biyun ma ta ajiye, ta ninke bargon Hajiya a kansa. Bashir ya yi mata godiya da Turanci, ta nuna ni, ta kama kunnenta, ta ɗaga babban yatsa. Muka tura ƙofa muka fita, zafin Akra ya rufe mu. Ban taɓa jin daɗin zafi irin na ranar ba.

Dawowa kuwa hanyar nan ce dai. Wanda ke son labarinta ya karanta takardar daga ƙasa zuwa sama.